Ranar da Muka Je Sayen Injin Figa

Na ga saƙonninku, kuma na sha faɗan. Akwai wadda ta rubuto cewa in na ci gaba da ja wa Dogo rai, ita za ta zo ta ɗauke shi ta bar ni da kajina. 'Yar uwa, ban ji haushi ba, har dariya na yi. Amma ki ɗan saurara ki ji abin da ya faru ranar Asabar ɗin nan, don ni kaina har yanzu ban gama dawowa daidai ba.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ni ce auta a gidanmu, kuma da Auta kowa yake kirana. Baba ya rasu shekarun baya, yayyena duk sun yi aure sun watse, gida ya rage daga ni sai Umma sai kaji. A bayan gidan akwai ɗan fili, a nan Baba ya gina ɗakunan kaji guda biyu kafin ciwo ya kwantar da shi. Kajin nama muke kiwo. In sun isa, mahaucin layinmu ya zo ya yanka, ni da Umma mu fige, mu gyara, mu jera a firiza, masu gidajen abinci su aiko a ɗauka. Da wannan muke rufa wa kanmu asiri.

Figar ita ce wahalar. Wadda ba ta taɓa zama gaban bahon ruwan zafi tun sanyin safiya har rana ta take ba, ba za ta gane ba. Tururi yana dukan fuska, ƙarnin jiƙaƙƙen gashi ya shige hanci ya ƙi fita, ga ƙananan gashin nan na wuya da ƙarƙashin fiffike da sai kin sa farce kina tsinta. Ni da sauran ƙarfina, amma hannun Umma ya gaji. Gaɓoɓin yatsunta sun kumbura. In ta tashi da safe sai ta daɗe tana murza su kafin su yarda su lanƙwasu. Murfin kwalba ni nake buɗe mata. Ɗaurin ɗankwali ma ta koma yin sa sako-sako, in na yi magana ta ce wai shi ake yayi.

Shi kuwa Dogo ma'aikacin asibiti ne, shi yake ɗaukar hoton ƙashi. Tsawonsa sai ya sunkuya kafin ya shigo falonmu, amma kaza na buɗe fiffike kusa da shi zai yi baya kamar ya taka maciji. Ya daɗe yana nemana. Gidansu sun san da ni, gidanmu sun san da shi, abin da ya rage kawai in ce to. Ni kuma na kafa sharaɗi: ba inda za ni sai na saya wa Umma injin fige kaji, don ba zan tafi in bar ta da baho ba.

Sharaɗin ya yi daɗi a baki, kowa ya sa mini albarka. Sai dai abin sayen injin ya daɗe da samuwa, injin ne ya ƙi zaɓuwa.

Dogo ya koma kamar dillali. Da ya samu sarari a wurin aiki sai hotuna su fara shigowa wayata. Ya turo wani in ce ya yi girma, ya turo wani in ce ya yi ƙanƙanta. Wani in ce fentinsa zai ɓare ya yi tsatsa, wani in ce wayar wutarsa ba ta kwanta mini ba. A gurup ɗin gidanmu kuwa yayyena mata sun sa ni gaba. Babbar ta ajiye dogon saƙon murya tana cewa sa'o'ina suna goyon 'ya'ya, ni ina goyon buhun abincin kaji. Mai bi mata ta turo hoton wani leshi ruwan zuma, ta rubuta a ƙasa cewa ta gaji da ajiya, asu ya kusa riga ta sawa.

Ranar Alhamis da rana ina zuba wa kaji ruwa, saƙon Dogo ya shigo. Babu hoto a wannan karon.

"Auta, zan tambaye ki wani abu, kar ki ji nauyin ba ni amsa. Injin ne bai yi miki ba, ko ni?"

Na tsaya ina kallon rubutun har ruwan ya cika ya malalo kan silifas ɗina. Ban ba shi amsa ba, kuma na san ya ga na karanta.

To bari in gaya muku abin da na kasa gaya masa. Ba hannun Umma kaɗai nake ji ba. Tun da Baba ya tafi, Umma ba ta cin abinci sai na zauna gabanta da nawa kwanon. Rediyo ta daina kunnawa. Wurin figar nan ne kawai take sakin baki, ta yi ta ba ni labarin ƙuruciyarta muna dariya. Inji zai fige kaza, na yarda. Amma in ya gama cikin ɗan lokaci aka kashe shi, sauran yinin fa? Duk injin da aka nuna mini, gidan nake hangowa tsit, ita kaɗai a ciki tana jin kukan kaji, sai kawai in nemo wa injin aibu.

Washegari Umma tana ninke wanki, ba tare da ta ɗago ba ta ce in gaya wa Dogo ya aro motar wansa gobe da safe, akwai shagon da za mu je. Na tambaye ta wane shago. Ta ce in mun je na gani.

Da safiyar Asabar ta sa mahauci ya yanka kaji biyu, ta zuba su a bokiti mai murfi ba tare da an fige ba. Ta shiga ɗaki ta daɗe. Da ta fito sai da na saki baki. Ummata da kullum tana cikin toka-toka da ruwan ƙasa, ita ce cikin atamfa koriya mai zanen furanni ruwan ƙwai, da sabon mayafi wanda ko layin ninkinsa bai baje ba. Ga kwalli, ga ƙamshin turare. Ta harare ni ta ce ko ban taɓa ganin mutum ya sa kaya ba ne? Ni da na zuro tsohuwar doguwar rigata, sum-sum na koma na sake gyale don kar a ce 'yar aikinta ce.

Dogo ya iso cikin farar riga da ta sha guga. Ya durƙusa ya gai da Umma, ni kuma ya ce mini "ina kwana" irin ta baƙo, idonsa duk alamar rashin barci. Da ya ga bokitin ya tambayi abin da ke ciki. Na ce kaji ne. Sai da ya tabbatar ba masu rai ba ne sannan ya ɗauka da yatsa biyu ya sa a but.

A hanya Umma ce take nuna masa inda zai bi. In ya wuce gidan mai ya yanki hagu, ya yi hankali akwai rami gaban mai faci, kar ya shiga layin farko don 'yan lodi suna tare shi. Dogo ya dube ni ta madubi, na kawar da kai. Matar da take ce mana ba ta san ko'ina a garin nan ba sai kasuwa da asibiti.

Shagon yana layin masu sayar da injuna, tsakanin mai famfunan ruwa da mai injin niƙa. Ciki a share yake tas, an jera mazuban abincin kaji da na ruwa har rufi, ga akwatunan ƙyanƙyasa a gefe. Mai shagon dattijo ne, farin gemunsa a gyare, tabarau yana rataye a wuyansa da igiya. Yana hango mu ya miƙe har biro ya faɗo daga aljihunsa.

"Maman Auta, sannu da zuwa," ya ce. Sannan ya juyo gare ni. "Ke ce Autar kenan. Kin fi yadda ake ba da labarinki tsawo."

Ya jawo wa Umma kujera mai matashi daga bayan teburinsa, mu ya nuna mana benci. Ya haɗa shayi da kansa, ya tambaye ni sukari cokali nawa, ya tambayi Dogo. Umma bai tambaye ta ba, ya miƙa mata nata babu sukari, yadda take sha. Na riƙe kofina na kasa kai shi baki.

Injuna iri uku ya nuna mana. Na farko ɗan ƙarami ne, dunƙulen ƙarfe mai yatsun roba da ake ɗaurawa a bakin injin huda katako. Ya ce shi ne mafi araha, amma mutum ne zai riƙe kazar yana juya ta a jikinsa, kuma girgizarsa a hannu take ƙarewa. Bai ƙarasa ba ya kalli yatsun Umma, ya mayar da shi kwali.

Na biyu ƙato ne, gangarsa sai ta ɗauki kaji da yawa a zubi ɗaya. Nan na kafe. Na ce wannan nake so, ai kasuwa gaba take yi, gobe ba sai mun sake saye ba. Dattijon bai musa mini ba. Ya ce injin kirki ne, sai dai yana shan wuta, ƙaramin janareta irin na gida ba zai tashe shi ba, kuma sai an yi masa dakali an kafe shi wuri ɗaya. Ga wankinsa, sai mutum biyu sun kama. Na ce ai mu biyu ne a gidan. Wallahi da na faɗa sai da na ji kunyar kaina, don Dogo sunkuyar da kai ya yi yana kallon takalminsa.

Umma ta ajiye kofinta ta tashi, ta wuce mu zuwa na ukun. Matsakaici ne, tsayinsa daidai ƙugunta, gangarsa ta farin ƙarfen da ba ya tsatsa, a kan ƙananan tayoyi. Ta zura hannu ciki ta lanƙwasa ɗaya daga yatsun robar da suka cika bangon gangar. Ta ce in taɓa in ji, masu taushi ne, don kajinmu matasa ne, fatarsu ba ta da ƙwari, masu tauri yaga ta za su yi, masu gidan abinci kuma ba sa son kaza mai rauni. Ta nuna mini bakin da ake jona tiyo ruwa ya riƙa wanke gashin yana fita ta ƙasa, da makunnin da aka rufe da roba don kar jiƙaƙƙen hannu ya jawo tsautsayi. Ta tura shi da gwiwa ya gangara, ta jawo shi ya dawo.

"Wannan ni kaɗai zan iya da shi," ta ce.

Na ce, "Umma, yaushe kika san duk wannan?"

Ta yi kamar ba ta ji ba, ta ce wa Dogo ya ɗauko bokiti.

A bayan shagon akwai fili mai siminti da magudanar ruwa. Dattijon ya riga ya ɗora tukunya. Ya ce sirrin ba a injin yake ba, a ruwan yake: in ya tafasa fata za ta dahu ta saluɓe, in bai yi zafi sosai ba gashin zai ƙi fita. Umma ta tsoma kazar, ta ɗago, ta sake tsomawa, ta ja gashin fiffike ɗaya ya zare ba gardama. Ta jefa su biyun cikin injin da aka turo wurin, ta buɗe ruwa, ta danna makunnin da gefen hannunta.

Ƙara ta cika wurin, kajin suka shiga tsalle cikin gangar suna karo da juna. Dogo, don son ya nuna shi ma namiji ne, ya matso ya leƙa. Ruwa da gashi suka yi masa feshi tun daga goshi har aljihun farar rigar nan. Ya yi baya ya kusa zama cikin tukunya. Umma ta fashe da dariya, irin wadda ta kama ciki tana share ido da bakin sabon mayafinta. Rabon da in ji wannan dariyar, Baba yana da rai. Na juya in ga ko Dogo ya ji ciwo, sai idona ya faɗa kan dattijon. Ba injin yake kallo ba, ba Dogo ba. Umma yake kallo.

Kafin in gama miƙa wa Dogo hankicina an kashe injin. Kajin suka fito fes, fata ba ko ƙwarzane, sai 'yan tsirarun gashi a bakin fiffike da wutsiya. Dattijon ya ce wannan kam sai an bi da hannu, ba zai ɓoye mana ba. Ya ce a riƙa wanke injin duk ranar da aka yi aiki, kuma yatsun suna cinyewa da daɗewa, zai haɗa mana da wasu na canji. Na duba sama, na duba ƙasa, na rasa aibun da zan laƙa masa. Na ce mun ɗauka.

Ya ce zai kawo shi da kansa da yamma ya haɗa mana. Umma ta ce ba sai ya wahalar da kansa ba. Ya ce ba wahala.

Muna shiga mota, kafin Dogo ya tayar, wayata ta yi ƙara. Saƙon Dogo ne, daga kujerar gaba.

"A jikin ƙofar shagon an rubuta ba sa kai kaya gida. Kin ga abin da na gani?"

Na rubuta masa, "Ja mota, malam." Ta madubi na ga yana cije leɓe, da ɗan gashin kaza maƙale a girarsa.

Da muka koma gida na bi Umma ɗaki. Tana zaune bakin gado tana ninke mayafin a kan cinyarta, ta ninke ta warware, ta sake ninkewa. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta yadda nake yi ina yarinya. Ban tambaye ta ba, ita ta fara.

Ta ce watannin baya ta je shagon sayen mazubin ruwa, ranar da na kwanta zazzaɓi. Ledar ta suɓuce daga hannunta sau biyu, dattijon ya lura da yatsunta, ya ce akwai abin da zai rage mata wahala. Ta koma don ta ga injin. Ta sake komawa don ta gwada. Daga baya kuma, ta ce tana kallon mayafin, ta koma ba don injin ba. Matarsa ta rasu da daɗewa, 'ya'yansa sun yi aure, shi ma shi kaɗai yake cin abinci. Ya yi mata magana ta mutunci, ta ce masa tana da yarinya a gabanta, ba za ta ba shi amsa ba sai ta ga ta a ɗakinta.

"Ke kina cewa ba za ki tafi ki bar ni ba," ta ce, "ni ina cewa ba zan amsa ba sai kin tafi. Mun tsaya mun tare wa juna ƙofa, kowa na ganin alheri yake yi."

Ba zan yi muku ƙarya ba, abin da ya fara zuwar mini ba farin ciki ba ne. Baba ne ya faɗo mini a rai, kamar ana shirin ɗauke takalminsa daga bakin ƙofa. Hawaye suka zubo mini. Umma ta ɗora kumburarrun yatsunta a kaina ta ce ba ta manta da shi ba, ba kuma za ta manta ba, kullum yana cikin addu'arta. Amma ta gaji da shirun gidan nan, kuma ta fi gajiya da ganin ina tsufa a gaban baho saboda ita. In na ce ban so, ta ce, za ta bar maganar a nan, ba wanda zai ji.

Na kalli hannun nan da ya yi ta ƙonewa a ruwan zafi don mu ci. Na ce mata ina so, kawai ta ba ni lokaci zuciyata ta saba. Ta gyaɗa kai, ta ce ita ma lokacin ta ɗauka.

Sannan ta gaya mini abin da yake hana ta barci. Ba yayyena ba ne, su ta san yadda za ta bi da su. Gwaggo ce, yayar Baba, wadda har gobe in ta shigo gidanmu "gidan ƙanena" take cewa, kuma ko kujerarsa aka matsar sai ta mayar da ita inda take. Umma ta ce kar in bari kowa ya ji tukuna, sai ta samu ranar da za ta je ta same ta da kanta.

Na fita tsakar gida na rubuta wa Dogo cewa ba shi ba ne, bai taɓa zama shi ba, ya yi haƙuri da ni, kuma ya gaya wa mutanen gidansu na ce to. Ya kira nan take, na ƙi ɗauka don muryata ba ta koma daidai ba. Ya sake kira, ina shirin ɗauka na ji hon a ƙofar gida.

Na buɗe. Motar ɗaukar kaya ce, injin yana baya an ɗaure shi da igiya an lulluɓe da bargo. Dattijon ya fito, ya sake kaya, shuɗiyar shadda da hula, a hannunsa ga wata ƙaramar leda da ko makaho ya san ba kayan inji ba ne a ciki. Ina cikin yi masa sannu da zuwa sai tasi ta tsaya a bayan motarsa. Ni da Umma duk mun sha'afa cewa ranar Asabar ce Gwaggo take biyowa karɓar ƙafafu da kawunan kajin da muke ajiye mata.

Ta fito da jakarta, ta gyara mayafi. Ta kalli injin, ta kalli shaddar, ta kalli ledar. Sannan ta ɗaga ido ta bayan kafaɗata, inda Umma ta fito ta tsaya, har yanzu cikin koriyar atamfarta da kwalli a ido.

"Auta," Gwaggo ta ce a hankali, "wannan kuma wane ne?"

Da na ce mai kawo inji ne, da ban yi ƙarya ba, kuma da maganar ta wuce. Na juya na dubi Umma, ina jiran ta girgiza mini kai. Ba ta girgiza ba.

Na ce, "Baƙon Umma ne, Gwaggo."

Gwaggo ta sauke jakarta ƙasa, ta sallami mai tasi, ta ce in shiga in ɗauko mata kujerar ƙanenta.